Suna Rera Karatu Tare, Amma Ba Mai Iya Karantawa Shi Kaɗai

Tambaya:

Assalamu alaikum. Na kammala NCE bara, ban samu aiki ba tukuna. Ganin yadda yaran unguwarmu ke zuwa firamare suna dawowa ba su iya karanta ko sunansu ba, sai na fara tara su a zauren gidanmu Asabar da Lahadi da yamma, awa biyu-biyu, fisabilillahi. Sun kai 27, daga 'yan aji biyu har 'yan aji biyar. Da yawansu marayu ne, wasu kuma iyayensu sun gudo daga ƙauye saboda 'yan bindiga. Ina rubutu a allo, ina faɗa suna maimaitawa, har sun haddace shafuka da dama. Watanmu huɗu ke nan. Makon jiya na miƙa wa wani yaro takarda ya karanta shi kaɗai, ko kalma ɗaya ya kasa. Na gwada wasu biyar, duk haka. Ƙawayena biyu da muka fara tare sun janye, yaran sun ragu zuwa 15. Akwai ɗan shekara 12 da ba ya komai sai tsokana da faɗa, da wata 'yar shekara 9 da ban taɓa jin muryarta ba. Iyaye kuma suna cewa su Turanci suke so, Hausa ai ko a gida ana yi. Gwiwata ta yi sanyi. Ni ce ban iya ba, ko yaran ne ba su da kai? In haƙura ne?

Wata malama daga Funtuwa

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka miki da alheri, ya sa a mizani. Kada ki haƙura, amma ki dakatar da karatun yadda yake tafiya yanzu na mako guda, domin akwai gyara. Yaran suna da kai, shaida kuwa ita ce sun haddace shafukan da ba su iya karantawa ba. Ke kuma hanyar da aka koyar da ke da ita kika bi. Ranar da kika miƙa wa yaron nan takarda shi kaɗai, ranar kika fara ganin ajinki yadda yake.

Idan yara 27 suna amshi, uku ko huɗu ne ke jan karatun. Sauran bakin waɗannan suke bi, idonsu ba ya kan harafi, kuma kunnenki ba zai iya raba mai karatu da mai bi ba. Yaranmu kuwa gwanayen hadda ne, makarantar allo ta horar da su tun suna ƙanana, shi ya sa za su iya ɓoye rashin karatu shekara da shekaru ba tare da sun yi niyyar yaudarar kowa ba. Matsalar ma ba ta unguwarku kaɗai ba ce: Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2022 cewa a Afirka kudu da Sahara, yara 89 cikin 100 ba sa iya karanta gajeren labari su fahimce shi a shekara goma.

Abin farko, ki auna kowane yaro shi kaɗai. Ki shirya takarda mai kashi huɗu da manyan haruffa: haruffa goma a barbaje, ba a jerin abacada ba, kalmomi goma masu sauƙi irin su gida, ruwa, kifi, tuta, sakin layi mai gajerun jimloli huɗu, sai ɗan labari mai jimloli takwas zuwa goma da tambayoyi biyu a kansa. Kada ki sa ko kalma guda daga shafukan da suka haddace. Ki fara da sakin layin. Idan ya karanta shi kamar magana, kurakuransa ba su wuce uku ba, ki hau da shi zuwa labari. Idan ya kasa, ki sauko kan kalmomi, ya zaɓi biyar, in ya samu huɗu yana matakin kalma. In ya kasa, ki sauko kan haruffa da wannan ƙa'ida. Wanda bai samu haruffa huɗu ba, mafari ne. Minti biyar ya ishi kowane yaro, yamma biyu kin gama da su 15. Ki zauna gefensa, kada ki tsaya a kansa, kada ki kira abin jarrabawa, kuma kada ki taimaka masa ko da ido. Ki rubuta suna da shekaru da aji da mataki da kwanan wata a littafi guda. Wannan littafin zai yi miki amfani fiye da allon da ke zauren.

Wannan awo ba mu muka ƙirƙira shi ba. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ce ta yaɗa shi, ita ce kuma ta fito da tsarin raba yara bisa abin da suka iya maimakon ajinsu ko shekarunsu. Tun farko 'yan mata ne na cikin unguwa, waɗanda ba su wuce sakandare ba, aka ba su ɗan horo suna ɗaukar yaran da aka bari a baya a biranen Mumbai da Vadodara. Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka samu kyautar Nobel a 2019, suna cikin masanan da suka auna aikin suka ga yana ci, kuma yaran da suka fi rauni su suka fi amfana. Tsarin ya iso Borno da Kano da wasu jihohin Arewa. Ke da kike da NCE kin fi waɗancan 'yan matan shiri.

Da kin gama awon za ki ga ɗan aji biyar da 'yar aji biyu a mataki ɗaya. Ki haɗa su. Mafara da masu haruffa rukuni guda, ko biyu idan sun yi yawa. Masu kalma rukuni guda. Masu sakin layi da labari su ne na sama. Rukunin ƙasa kada ya wuce yara biyar ko shida, domin dole ki ji muryar kowanne shi kaɗai sau da yawa a kowane zama.

Sai lokaci. Awa biyu a zaune ya fi ƙarfin ɗan shekara takwas, kuma daga Lahadi zuwa Asabar kwana biyar ne babu komai, harafin da aka koya ya gudu. Wani nazari da aka fitar a Amurka a 2020, wanda ya tattara gwaje-gwaje 96 na koyar da yara ɗai-ɗai ko a ƙananan rukuni, ya nuna zaman da ake yi aƙalla sau uku a mako ya fi tasiri. Ya kuma nuna malamai da mataimakan da aka horar sun fi 'yan sa kai sakamako, wanda ke nufin ɗan sa kai sai ya riƙe tsari ƙwarai. Ki yi lissafi: rukuni biyu, minti 40 kowanne, kwana uku a mako, awa huɗu ke nan, daidai da abin da kike bayarwa yanzu. Na sama su zauna a tabarma gefe bibbiyu da littattafai suna karanta wa juna, ki saurare su minti goma a ƙarshe. Ki zaɓi ranakun tare da iyaye. Alhamis da Juma'a galibi babu Islamiyya, ranar kasuwa kuwa kada ki ma gwada. Yarinyar da ke talla da yamma za a fi saurin ba ki ita na minti 40 kafin ta ɗauki faranti fiye da awa biyu, kuma muna zargin tsawon zaman na cikin abin da ya rage miki yara. Waɗanda za su zo daga baya ki rubuta sunansu su jira zagaye na gaba, bayan mako goma zuwa goma sha biyu. Cewa "a'a" ga uwar da ta kawo maraya yana da ciwo, amma in kika karɓi kowa, kin koma 27 da amshi.

Yanzu abin da za a yi a cikin minti 40 ɗin, a nan ne aikin yake.

Yaranki da yawa sun iya waƙar "ey, bi, si, di", ita ce ma take hana su. Yaron da ya san b da "bi", a kuma da "ey", in ya haɗa su "bi-ey" zai samu, ba zai taɓa isa ga "ba" ba. Harafin c kuma ya san shi da "si", alhali a Hausa shi ne farkon ciki da cokali. Ki koyar da sauti, ki bar sunan. Akwai kuma tarkon da ya fito daga wajenmu: in aka ce wa yaro wannan harafin "ba" ne, gobe zai karanta bi ya ce "ba-i". Maganinsa, duk baƙin da kika kawo ki aura masa wasula nan take. Kuma ki riƙa hargitsa jerin, domin ba-be-bi-bo-bu ma waƙa ce da ake haddacewa. Ki nuna bu, ki nuna ba, ki koma bo, kowane yaro da nasa. Wanda ya yi makarantar allo ya riga ya san wannan dabara, ki tuna masa: babbaƙu da farfaru ne, sai dai a boko wasalin yana tsaye a gefen baƙin, kuma daga hagu ake farawa. Ki sa ɗan ɗigo a gefen hagu na allonsa har ya saba.

Kada ki bi jerin abacada. Ki fara da haruffan da ke haifar da kalma da wuri. Da a, n, k, m kawai yaro zai karanta nan, kaka, mama, nama, kama, Nana, har da jimla: "Mama na nan." "Ka kama nama." Cikin mako biyu ke nan yaron da aka daɗe ana kira daƙiƙi ya karanta jimla da kansa, kuma wannan yana riƙe shi fiye da alewa. Ki ƙara i da s, ga Sani, Isa, Amina, sama, nisa. Sai u, r, t, y, w da sauransu. Harafi biyu zuwa uku a mako ya isa ga mafari. Manyan yara sukan ɗauki fiye da haka, ki bi saurinsu. Ki raba b da d da aƙalla mako biyu, ki tabbatar ɗaya ya zauna kafin ɗayan ya shigo. Masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, su biyo baya, ki koyar da su da tagwayen kalmomi da za su sa dariya: kafa da ƙafa, baki da baƙi, bari da ɓari, kara da ƙara. Bayansu sh da ts da 'y, sai irin su ky, gy, kw, gw a kyanwa, gyaɗa, kwano, gwanda. Inda yara suka fi tuntuɓe bayan sun kama hanya shi ne gaɓa mai rufi da baƙi mai nanatuwa. Za ki ji makaranta ta koma "makarata", hannu ya koma "hanu". Tafi ne maganinsa: ma-ka-ran-ta tafi huɗu, han-nu tafi biyu, a ji n ɗin a baki kafin a neme shi a takarda.

Zaman kansa kusan kullum siffa ɗaya zai ɗauka, domin yaron da rayuwarsa ta hargitse yana samun natsuwa in ya san abin da ke biye. Minti biyar na farko gaisuwa, kowa da sunansa, sai ki karanta musu ɗan labari ko tatsuniya ki tambaye su me suke ganin zai faru. Minti biyar wasan kunne ba tare da rubutu ba: wa zai kawo kalmar da ta fara kamar "masara"? In na cire "ta" daga "tasa" me ya rage? Minti goma bitar tsofaffin haruffa da kawo sabo, a faɗe shi, a zana shi a iska, a zana a yashi, a rubuta a allo. Minti goma gina kalmomi da katin gaɓa. Sauran lokacin karanta jimloli ɗaya bayan ɗaya, yatsa a ƙarƙashin kalma, a rufe da shifta ta kalmomi uku zuwa biyar. Kada ki tsallake shifta ko da lokaci ya ƙure. Ita ce ke tona wanda ya gane da wanda ya yi sa'ar cinta.

Kayan aiki ba sa bukatar kuɗi mai yawa. Kwalin taliya ko na sabulu, ki yanka shi kamar tafin hannu, ki rubuta da alƙalamin maka mai kaurin rubutu, baƙaƙe da launi ɗaya, wasula da wani. Kowane rukuni ya samu nasa saiti, wasali a ya zama kati biyar ko shida domin shi ya fi kowa aiki a Hausa. Murafun kwalba ma suna yi. Ƙananan haruffa za ki fara da su, su ne suka cika littafi. Manya su shigo ta hanyar sunayen yaran. Ki rubuta a da g irin na hannu, amma ki nuna musu na bugu tun da wuri, domin yaro yakan ga a na littafi ya ce bai san shi ba.

Yadda kike gyara kuskure ya kai darasin kansa muhimmanci. Idan yaro ya tsaya, ki ƙirga biyar a zuciyarki kafin ki ce uffan, ki kuma hana sauran yi masa shisshigi. Yawancin masu koyarwa a nan suke faɗuwa, tausayi ya sa su faɗi kalmar, yaron ya koyi cewa in ya yi shiru za a ba shi. In biyar ta cika, ki rufe kalmar da yatsa ki bar gaɓar farko: "Wannan fa?" Sai ta biyu, sai ya haɗa. In ya gwada sau biyu bai samu ba, ki faɗa masa ba tare da canja murya ba, ya maimaita jimlar daga farko. In ya dubi hoto ya cinta, ko ya ga "ka" ya ce "kaza" alhali kasa ce, ki ce "duba ƙarshenta". Yabonki ya ambaci abin da ya yi: "Na ga ka koma ka gyara da kanka." Bulala kuwa, ko tsawa, ko sa yara su yi wa wani "eho", babu su a zauren nan ko sau ɗaya. Wanda ke jiran duka hankalinsa na kan hannunki.

Ga masu kalma da sakin layi, aikinsu sauri da fahimta. Ki ba yaro rubutun da ba ya kuskuren fiye da kalma ɗaya cikin goma. In ya wuce haka, rubutun ya fi ƙarfinsa, ki sauko. Ya karanta gajeren labari ɗaya sau uku ko huɗu a ranaku daban-daban. Sau ɗaya a mako ki sa agogon waya na minti ɗaya ki ƙirga kalmomin da ya samu daidai, ya rubuta adadin da hannunsa. Da kansa zai yi gasa, ba da wani ba. Sannan kullum ki tambaya: wa ya yi, me ya sa, da kai ne me za ka yi? A nan za ki nuna musu cewa rubutun Hausa ba ya nuna tsawon wasali da karin sauti, don haka gari na iya zama na Katsina ko na masara, jimla ce ke raba gardama. Littattafan Mu Karanta, waɗanda aka yi wa 'yan aji ɗaya zuwa uku a Bauchi da Sakkwato, a kan irin wannan tsari aka gina su, in kin samu ki riƙe. Ki tambayi hedimasta ko ofishin ilimi na ƙaramar hukuma ko akwai littattafan koyon karatun Hausa a ajiye, sau da yawa suna cikin kwali a sito. A intanet, African Storybook da StoryWeaver suna da labaran yara na Hausa kyauta, ki duba ƙa'idar rubutunsu kafin ki buga domin wasu sun zubar da ƙugiya. In duk babu, yaro ya ba ki labarin jimla huɗu da bakinsa, ki rubuta, ya zama littafinsa.

Ɗan shekara 12 ɗin nan, kusan tabbas kunya ce ke cinsa. Gara a ce masa fitinanne da a ce masa jaki a gaban ƙannensa. Ki auna shi ba kowa a kusa, ki gaya masa gaskiya: ga haruffan da ka sani, ga waɗanda suka rage, kuma babba ya fi yaro saurin kama su. In zai yiwu ki ba shi minti 15 kafin sauran su iso, a ƙofar zaure inda ake ganinku, ya riga su sanin darasin ranar. Ki ba shi muƙami, shi ne mai rabon kati da riƙe rijista. Kalmominsa su fito daga duniyarsa, sunayen 'yan ƙwallo, rubutun jikin Keke Napep, saƙon waya. Kada ki taɓa sa shi karatu a gaban rukuni sai abin da kin san ya riga ya iya.

Yarinyar da ba ta magana ta fi bukatar a bi ta a hankali. Ki fara tambayar wanda ke riƙonta: tana magana a gida? Tun yaushe ta yi shiru? In ba ta magana ko'ina, ko tana yawan kallon baki, ko ruwa na fita daga kunnenta, ji ne abin zargi na farko. Ki tsaya bayanta kamar tsawon hannu ki raɗa sunan wani abu ki ce ta nuna shi. In ta kasa, asibiti. In kuwa tana surutu a gida, nan ne take kamewa, to tsoro ne ko abin da ta gani kafin su baro ƙauye. Kada ki matsa mata, kada ki tambaye ta labarin harin, kada ki bari a ce "ai ita ba ta magana". Za ki iya auna ta ba tare da murya ba: ki ce "nuna min gaɓar ma", ta ɗauki kati, ta rubuta shifta. Ki zaunar da ita kusa da yarinya ɗaya mai sanyin hali, wuri ɗaya kullum. Ranar da ta yi raɗa, ki amsa kamar ba komai, domin shewa da tafi za su mayar da ita cikin ƙoƙonta.

Sauran ma ki lura da jikinsu. Mai matse ido ko manna takarda a hanci, ki rufe masa ido ɗaya ki nuna kati daga taku shida, sannan ɗayan. Mai gyangyaɗi da yamma, ki tambaya ko ya ci abinci kafin ki ce lalaci ne. In za ki ba da abin taɓawa, gyaɗa ko ƙosai, a ba kowa daidai a farkon zama, kada ya zama ladan karatu, kuma kada ki fara abin da aljihunki ba zai ɗore da shi ba. Mai sikila zai riƙa ɓacewa, ki ajiye masa wurinsa ki yi masa bita in ya dawo.

Tunda marayu da 'yan gudun hijira ne a hannunki, ki kafa ƙa'idoji tun yanzu, su kare yaran, su kare ki. Mai unguwa da hedimasta su san da aikin, kowane mai riƙo ya ba da izini da bakinsa. Ƙofar zaure a buɗe, babu babban da zai keɓe da yaro a ɗaki, a tashi kafin magariba, a san wa ke raka wa. Kada a sa hotunansu a Facebook da sunan neman tallafi, kuma kada a kira yaro "maraya" a gabansa. Duk wanda zai zo taimako, a san shi a san gidansu. Idan yaro ya gaya miki wani na cutar da shi, ki saurara, kada ki yi alkawarin rufe maganar, kada ki yi masa tambayoyin 'yan sanda, kada ki tunkari wanda ake zargi ke kaɗai. Ki rubuta abin da ya faɗa da kalmominsa, ki kai ga jami'in walwalar jama'a na ƙaramar hukuma. In fyaɗe ne, asibiti da gaggawa, domin maganin kariya daga cutar ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi.

Iyayen da ke son Turanci suna da hujja, da shi ake jarrabawa, da shi ake neman aiki. Ki gaya musu Turancin kike nufa, ta gajeriyar hanya. Sau ɗaya ake koyon yadda harafi ke zama magana, kuma ya fi sauƙi a harshen da yaro ke ji, balle Hausa da kusan kullum yadda aka rubuta haka ake faɗa. A Turanci harafi ɗaya na iya yin sauti uku, ga shi yaron bai san ma'anar kalmar ba balle ya gane ya yi kuskure. Ki ƙara minti biyar na Turancin baka a ƙarshen zama, gaisuwa da sunayen abubuwa, karatun Turanci kuma ya fara ga wanda ya kai matakin labari. Amma gardama ba ta gamsar da iyaye kamar gani. A mako na shida ki aika kowane yaro gida da takarda mai jimla uku da bai taɓa gani ba, ya karanta wa kakarsa. Ki roƙi gida abu ɗaya tak: minti goma kullum wani ya zauna ya saurare shi, ko da mai sauraron bai yi boko ba.

Ƙawayenki wataƙila sun gaji ne da aikin da ba shi da iyaka kuma ba a ganin amfaninsa. In za ki sake neman su, ko wasu, ki nemi abu ƙayyadadde: yara biyar, minti 40, kwana uku, mako goma, ga katin darasi a rubuce. Su kalli zamanki biyu, ki kalli nasu biyu. Kowa ya riƙe yaransa har ƙarshen zagaye, domin yaron da ya rasa uba ya rasa gida ba ya jure sauyin fuska kowane mako. Mai zuwa in ya ga dama, gara ya taimaka da yankan kwali.

Ki sake awon bayan kowane mako huɗu da sabuwar takarda mai nauyi irin na farko, ki matsar da wanda ya hau. Ki duba rijista tare da sakamakon. Wanda bai motsa ba kuma yana fashi, matsalar zuwa ce, gidansu za ki je bayan fashi biyu a jere. In rukuni gaba ɗaya ya tsaya, saurinki ya yi yawa, ki koma baya haruffa huɗu. In kuwa yaro ɗaya ne, yana zuwa kullum, idonsa da kunnensa lafiya, ya yi mako goma sha biyu har yanzu ba ya iya jin cewa masara da mota da sauti ɗaya suka fara, to yana iya kasancewa cikin masu wahalar karatu ta halitta, wadda ba ta da alaƙa da ƙarancin basira. Juya b da d kaɗai ba ya nuna haka, yara da yawa suna yi har wajen shekara bakwai ko takwas. Irin wannan yaron ki rage masa zuwa harafi ɗaya a mako, ki ninka masa wasan kunne da zane a yashi, ki ba shi minti goma shi kaɗai a kowane zama, sannan ki je ki sami malamin ajinsa da littafinki a hannu ki nuna masa haruffan da ya riƙe da waɗanda ke zille masa, ku raba aikin.